Yadda ake karanta fuskar agogon hannu kafin a saya, da irin jakar goyon da za a shiga jirgi da ita

Duk wanda ya taso a gidan da ake zuwa aikin Hajji ya san agogon tsaraba. Alhaji zai sauka da carbi da dabino da Zamzam, a hannunsa kuma ga Rado yana ɗaukar ido, ko Seiko 5 mai nuna sunan rana da Larabci. Da yawa daga cikin waɗannan agoguna sun ƙare a ƙasan akwati tun ranar da suka tsaya, ba a sake waiwayar su ba. Yau kuwa irinsu masu tara agogo ke bi kasuwa kasuwa suna nema, daga Deira ta Dubai zuwa Balad ta Jidda, har Nakano a birnin Tokyo. Abin da sabon shiga bai sani ba shi ne, a tsohon agogo injin ana gyarawa, gilashi ana sauyawa, sarƙa ana sayen wata, amma fuska in ta lalace ko aka sake mata fenti, darajar ta tafi ke nan. A nan kuɗin yake, a nan ma ake cutar mutane. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, to na agogo ma haka ne.

Mataki na farko: tsayar da irin fuskar da kake nema tun kana gida

Wanda ya shiga kasuwar agogo bai san abin da yake so ba, abin da mai shago yake so ya rabu da shi zai saya. Saboda haka ka fara sanin sunayen da masu harkar ke kira.

Akwai wadda suke ce wa panda: farar fuska mai ƙananan da'irori baƙaƙe biyu ko uku, kamar idanun dabbar nan ta ƙasar Sin. Ana samun ta ne a agogo mai maɓallai biyu a gefe, wanda ake auna lokacin tsere da shi. In fuskar ce baƙa da'irorin kuma farare, sai a ce juyayyar panda. Rolex Daytona, wanda ya fito a 1963, shi ya fi yin suna da wannan salo, kuma na hannun ɗan fim ɗin Amurka Paul Newman an yi gwanjonsa a New York a watan Oktoban 2017 a kan dala miliyan 17.75. Ba wannan nake cewa ka nema ba. Seiko ma ya yi panda a shekarun 1970 mai inji lamba 6138, kuma mai matsakaicin hali zai iya kai hannu gare shi in ya yi tanadi.

Akwai Kalifoniya, wadda rabinta na sama lambobin Romawa ne, rabin ƙasa kuma 4, 5, 7, 8 irin waɗanda muka saba. An san ta da tsofaffin Rolex da Panerai na zamanin yaƙin duniya na biyu. Akwai fuskar Omega Constellation, jerin da aka fara a 1952, wadda tsakiyarta a tashe take gefenta kuma ya gangara da kusurwoyi, kamar an kife faranti. Akwai mai zanen tsaga, wadda ake sassaƙa wa ƙananan layuka da na'ura, aikin da Breguet ya shigo da shi harkar agogo tun ƙarshen ƙarni na 18; ƙananan murabba'an da ke fuskar Royal Oak na Audemars Piguet, wanda ya fito a 1972, daga wannan dangin suke. Sai mai hasken rana, wadda in ka juya ta za ka ga haske yana fita daga tsakiya zuwa gefe. Ita ce ta fi yawa a Seiko 5 da Orient mai taurari uku, wato waɗanda iyayenmu suka fi ɗaurawa.

Wadda ni na fi so mu mai da hankali a kanta ita ce mai lambobin Larabci, ١ ٢ ٣, domin ita ce ta fi kusa da mu kuma hanyarmu ta fi bi ta inda take. Seiko ya daɗe yana yi wa kasuwar ƙasashen Larabawa irinta, Rolex ma ya yi a Day-Date. A nan akwai wani ruɗani da ya kamata ka sani: Turawa 1, 2, 3 ɗin nan namu na boko su suke kira lambobin Larabawa, su kuma Larabawa ١ ٢ ٣ suna ce musu lambobin Hindu. In kana tambaya a shago ko kana nema a intanet, ka nuna hoto, kada a kawo maka abin da ba shi ka nufa ba.

A cikin wannan dangi akwai masu tambarin sarauta. Sarkin Oman, Sultan Qaboos, wanda ya yi mulki daga 1970 zuwa 2020, ya riƙa ba da kyautar agoguna masu ɗauke da hoton wuƙar nan ta Oman, khanjar, da yawansu ta hannun kamfanin Asprey na Landan. Irin wannan tambari yana ninka kuɗin agogo, shi ya sa ’yan damfara suke buga shi a fuskar da ba ta taɓa zuwa Oman ba. In ba ka ga takarda ko shaidar da ta gamsar da wanda ya fi ka sani ba, ka biya kuɗin agogon kawai, kada ka biya kuɗin tambarin.

Shawarata ga mai farawa: zaɓi salo ɗaya da kamfani ɗaya, ka tara hotunan na asali a wayarka, aƙalla goma, ka riƙa kallonsu har idonka ya haddace.

Mataki na biyu: kayan aiki

Ba su da yawa. Ƙaramin madubin ƙara girma irin na maƙeran zinariya, mai ninka abu sau goma, ƙaramar tocila, in da hali mai shuɗin hasken nan da ake duba jabun kuɗi da shi, sai wayarka. Kada ka yarda ka duba agogo a ƙarƙashin fitilun shago kaɗai, don an jera su ne domin su ƙawata kaya. Ka nemi izini ka matsa bakin ƙofa inda hasken rana yake. Mai shagon da ya hana ka wannan ya riga ya ba ka amsa.

Mataki na uku: rubutu da layuka

Ɗora madubin a kan sunan kamfanin. Rubutun masana'anta siriri ne, kaifinsa ɗaya, tazarar haruffa daidai. Na wanda ya sake fenti yakan yi kauri, bakin haruffa ya yi kamar tawada ta sha takarda, wani harafin ya fi ɗan'uwansa tsawo. Daga nan ka bi ƙananan layukan mintoci da ke zagaye da gefe. Kowace alamar awa dole ta zauna daidai kan layinta. In ka ga ta ƙarfe 12 ta dace amma ta ƙarfe 7 ta kauce, an taɓa fuskar. Duba kuma jikin alamomin ƙarfe da aka maƙala: in fenti ya hau gefensu, an yi fentin ne suna a wurin, abin da masana'anta ba ta yi.

Sai can ƙasa, wajen ƙarfe 6, inda ake rubuta SWISS MADE ko JAPAN. Masu sake fenti sukan manta da wannan ɗan rubutu, ko su yi shi da girma, ko ya karkace.

Kada lambar huɗu ta tayar maka da hankali in ka ga an rubuta IIII maimakon IV a fuska mai lambobin Romawa. Tsohuwar al'adar masu ƙera agogo ce, ba kuskure ba ne. A agogon Cartier da yawa ma, in ka sa madubi a kan VII ko X, za ka ga sunan kamfanin an rubuta shi ƙanƙani a cikin ɗaya daga sandunan lambar. A Rado mai sarrafa kansa kuwa, wato wanda motsin hannu ke yi masa wani, ɗan ƙugiyar jirgin ruwan da ke ƙarƙashin ƙarfe 12 juyawa yake yi in ka karkata agogon.

Mataki na huɗu: sinadarin da ke haske da dare

Wannan shi ne wurin da ƙarya ta fi saurin tonuwa, don sinadarin yana da shekarun haihuwa. Daga farkon ƙarni na 20 har zuwa farkon shekarun 1960 radiyom ake shafawa, wani sinadari mai tururin nukiliya. Bayan an daina, aka koma tiritiyom, kuma agogunan Suwizalan suka riƙa nuna haka a ƙasan fuska da rubutu irin T SWISS T ko SWISS T<25. A 1993 kamfanin Nemoto na Japan ya fito da LumiNova, wanda ba shi da tururin nukiliya, haske kawai yake sha ya mayar, kuma zuwa ƙarshen shekarun 1990 kusan kowa ya koma kansa.

Ga amfanin sanin wannan. Ƙarfin tiritiyom yana raguwa da rabi duk bayan shekara 12 da ’yan watanni. Agogon 1975 ke nan ya daɗe da daina haske da kansa. In ka haska masa tocila zai ɗan yi ƙyalli na ’yan daƙiƙu ya mutu. To in fuska tana ɗauke da harafin T, mai shago ya ce ta shekara hamsin, amma ka rufe ta da tafin hannu ka ga kore shar yana ci kamar sabo, an sake shafa mata sinadari ko an sauya ta gaba ɗaya. Haka kuma ka gwada launin ɗigon da ke kan fuska da wanda ke jikin hannayen agogon. Tare suka tsufa, don haka launinsu ya kamata ya yi kusa, galibi ruwan madara ko ruwan ƙwai. Fuska ruwan ƙwai da hannaye fari fat na nufin hannayen baƙi ne a gidan. Ba laifi a saya a haka, amma a rage kuɗi.

Gargaɗi ɗaya game da radiyom: fentinsa ya daina haske, amma shi kansa sai ya shekara wajen 1,600 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi. In ka samu agogon kakanni na kafin 1960 mai ɗigo ruwan ƙasa, kada ka buɗe shi da kanka, kada ka hura ƙurarsa, kada yara su yi wasa da shi.

Mataki na biyar: haɗa fuska da bayan agogo

A Seiko wannan abu ne mai sauƙi, shi ya sa nake cewa da shi ya kamata a koyi harkar. A ƙasan fuska akwai ƙananan lambobi da ke farawa da lambar inji, misali 7009 ko 6309 ko 7S26. Juya bayan agogon, za ka ga lambobi takwas da ɗan layi a tsakani. Huɗun farko dole su zo ɗaya da na fuskar. In fuska ta ce 6309 baya kuma ya ce 7009, haɗe-haɗe ne. Akwai kuma lambar siriyal mai guda shida: ta farko ita ce lambar ƙarshe ta shekarar da aka ƙera shi, ta biyu wata ne, 1 zuwa 9, sai O na Oktoba, N na Nuwamba, D na Disamba. Injin 7S26 a 1996 ya fito, saboda haka duk wanda ya ce maka agogo mai wannan inji na shekarun 1970 ne, ko bai sani ba ko yana so ya gwada ka.

Ka yi hattara da waɗanda masu harkar ke kira ’yan Mumbai: tsofaffin injuna da ake tarawa a Indiya, a sa musu sabuwar fuska mai launi ja ko kore ko lemo, a buga sunan Seiko ko Citizen ko HMT, a sayar da arha a intanet. Ni ma na taɓa faɗawa. Hoto na gani, shuɗi mai kyau, kuɗin bai kai na cefanen mako ba, na tura. Da ya iso, kwana uku ya yi ya tsaya, mai gyaran agogon unguwarmu ya buɗe ya nuna min fuskar da gam aka manne ta. Cinikin biri a sama ke nan.

Mataki na shida: bambanta tsufa da lalacewa

Akwai baƙar fuska da rana da zafi suka mayar ruwan ƙasa kamar gasasshiyar gyaɗa, ko'ina daidai. Masu tarawa suna son wannan ƙwarai, har suna ƙara kuɗi a kai, kuma a ƙasashe masu rana irin namu aka fi samun ta. Amma tabon ruwa daban ne: yakan fara daga gefe, musamman wajen maɓallin gefe da ake gyara lokaci da shi, ya yi kumfa ko tsatsa ko fentin ya ɗaɗɗago. In ruwa ya kai fuska, to ya riga ya bi ta inji. Wannan ka bar shi, komai daɗin bakin mai shi.

In kuma a gida ka tono na mahaifinka, roƙona ɗaya: ka kai a wanke injin a sa masa mai, amma ka gaya wa mai gyara da babbar murya kada ya goge fuskar, kada ya yi mata fenti. Da yawa suna yi ne da kyakkyawar niyya, don su faranta maka.

Mataki na bakwai: jakar da za ka ɗauko shi a ciki

Agogon da ka sha wahalar tantancewa ba ya shiga kayan awo. Akwatin da ka miƙa a kanta jifa ake yi da shi, wani lokaci ya kwana a wani gari, kuma kamfanonin jirage da kansu suna gargaɗin kada a sa kaya masu daraja a ciki. Wurinsa jakar da za ta shiga jirgi tare da kai. Ni na fi son jakar goyo a kan akwati mai taya, saboda dalilai biyu: ba ta cin kilo da yawa, kuma in wurin ajiya na sama ya cika, masu taya ake fara karɓewa a bakin jirgi a kai ƙasa.

Kafin ka kalli kyan jaka, ka duba dokar jirgin da za ka hau. Emirates da Qatar Airways kilo 7 suke bari a ƙaramin aji. Turkish Airlines kilo 8, da girman santimita 55 a tsaye, 40 a faɗi, 23 a kauri. Qatar ma tsawon da ta yarda da shi santimita 50 ne. Waɗannan dokoki suna sauyawa, don haka ka sake dubawa a tikitinka. Lissafin kuwa mai sauƙi ne: in ka ɗan rage kaurin zuwa 20 don a bar sarari, 55 sau 40 sau 20 ya ba da lita 44. Ke nan jaka mai lita 35 zuwa 40 ita ce iyaka, wadda ta wuce haka sosai ana iya tare ka da ita a bakin ƙofa. Ka tafi kasuwa da tef ɗin tela ka auna da kanka, kuma ka auna ta a cike, don kaurin ne ke kumbura ya wuce ƙa'ida.

Sai nauyinta ba kaya. In kilo 7 aka ba ka, jakar kuma ta cinye biyu da rabi, me ya rage? Nemi wadda ba ta wuce kilo ɗaya da rabi sosai ba. Osprey Farpoint 40 da Cotopaxi Allpa 35 suna cikin waɗanda matafiya suka sani a wannan girma, amma ba dole sai su ba. A gwanjo ma ana dacewa da mai kyau in an san abin dubawa.

Abin dubawar ga shi. Ta riƙa buɗewa gaba ɗaya kamar littafi, ba ta sama kaɗai kamar buhu ba, don in jami'in tsaro ya ce ka fito da abu kada ka zazzage komai a gaban jama'a. Zif shi ne ke fara mutuwa a kowace jaka: duba kan marikinsa ko an rubuta YKK, sunan sanannen kamfanin zif, ka ja shi sau da yawa musamman a kwana, kuma marika biyun su kasance masu huda da za a iya sa ƙaramin kwaɗo. Ja igiyoyin kafaɗa da ƙarfi ka kalli ɗinkin inda suka haɗu da jikin jakar. In zare ya buɗe baki tun a shago, ba za ta kai Jidda ba. Ka saka mata kaya masu nauyi ka goya, ka ɗaure ɗamarar ƙugu in tana da ita, ka zaga shagon. Nauyin ya kamata ya sauka a ƙugunka, ba ya rataya a kafaɗa ba. Aljihun kwamfuta ya kasance a jikin bayanka, kuma gindinsa kada ya taɓa ƙasan jakar, don ranar da ka dire ta da ƙarfi. A ƙarshe ka nemi ɓoyayyen aljihu ta ɓangaren da ke manne da bayanka, na fasfo da kuɗi. Aljihunan waje masu yawa ado ne kawai, kuma a cunkoso su ɓarawo ke fara lalubawa.

Mataki na takwas: shirya kayan

Kowane agogo a naɗe shi daban, ko a ’yar jakar fata mai laushi ko a cikin safa mai tsabta, kada biyu su gogi juna. A sa su a tsakiyar tufafi, ba a gindin jaka ba. A nisanta su daga lasifika, da murfin kwamfutar hannu mai maganaɗisu, da jakunkuna masu maɓallin maganaɗisu, don agogo mai inji in ya sha maganaɗisu sai ya kama gudu, ya riƙa ƙara mintoci a yini. Na'urar haska kaya ta filin jirgi kuwa ba ta yi masa komai. Wanda ke hannunka ma, kafin ka iso layin bincike ka cire ka zura a aljihun jakar ka ja zif, maimakon ka ajiye shi tsirara a cikin tire.

Batirin cajin waya dole a jakar hannu yake tafiya, ba a kayan awo ba, kuma iyakar da aka saba bari ba tare da neman izini ba ita ce 100Wh, wato wajen 27,000mAh. Turare da man shafawa kada kwalba ta wuce mililita 100. Wannan ya sha raba masu dawowa daga Umara da turarensu a bakin bincike. Rasiɗin agogo da katin garanti ka ɗauki hotonsu a waya, ka ajiye na takarda tare da fasfo saboda jami'an kwastan.

In ka sauka za ka gyara lokaci, ka lura da abu ɗaya: kada ka sauya kwanan wata alhali hannayen agogon suna tsakanin ƙarfe 9 na dare da 3 na asuba, don a lokacin haƙoran da ke juya kwanan suna a sarƙe, kana iya karya su. Ka fara kai hannayen ƙarfe 6, ka gyara kwanan wata da rana, sannan ka dawo da lokacin daidai. Mai injin 7S26 kuma ba a yi masa wani da hannu; in ka tarar ya tsaya a hanya, ka riƙe shi ka ɗan kaɗa shi hagu da dama na rabin minti, zai tashi.